Baƙon da Baba Bai Tambaya Ba

Gahawa nake dafawa ranar, irin ta Larabawa mai ruwan ɗorawa, ƙamshinta ya cika kicin, sai 'yata ta ɗaga murya daga falo ta ce in zo in ji wani abu. A makaranta aka sa su karatu kan tsofaffin waƙoƙin Girkawa, na jarumai da jiragen ruwa. Wai mutanen nan in baƙo ya sauka gidansu, sai sun ba shi ruwa ya wanke jiki, ya ci ya ƙoshi, kafin a ce masa kai wane ne. Wai kuma jarumansu akwai wayo, amma da zarar wayon ya fitar da mutum daga rami sai girman kai ya mayar da shi ciki. Da Larabci ta faɗa mini duk wannan, don Hausarta in ta wuce gaisuwa da neman abinci sai ta fara ɗingishi. Ita dariya abin ya ba ta. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa har gahawar ta tafasa ta zube a kan murhu. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ce bari in ba ka labarin nan ko zan samu sauƙi.

A unguwar Shumaisi da ke Riyad na tashi, a wani tsohon gida mai koriyar ƙofar ƙarfe, cikin lungun da mota ɗaya kawai take iya wucewa. Baba direba ne na wani attajiri mai shagunan darduma a kasuwar Dira. Attajirin ne kafilinsa, wato takardar zamanmu a ƙasar tana hannunsa, kuma sun daɗe tare har Baba ya zama kamar ɗan gida. Da taimakonsa Baba ya kawo Umma, daga baya ya kawo mahaifiyarsa, Kaka, lokacin da idonta ya fara mutuwa. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita. Ni nake gaya mata launin zanen da za ta ɗaura, ita kuma take gaya mini halin kowa a gidan, har da wanda ban tambaya ba.

Da zafi, lungunmu yakan mutu tun hantsi. Ba ka jin komai sai gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki da ɗigar ruwansu a jikin bango. Da sanyi kuwa ake rayuwa: ƙamshin turaren itace yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofofi, tsofaffi suna yawo cikin manyan riguna masu gashin tumaki, mu yara muna hura iska muna kallon tururin bakinmu. Amma zafi ko sanyi, Juma'a a gidanmu iri ɗaya ce. Umma takan tashi tun da duku-duku ta ɗora shinkafa da nama a tukunyar da zan iya zama cikinta, ta tuƙa tuwo a gefe saboda masu kewar gida. In aka sauko daga masallaci, Baba ba ya dawowa shi kaɗai. Yakan tsaya a ƙofar masallaci yana duban fuskoki, duk wanda ya ga alamar baƙunta ko yunwa a tare da shi sai ya kama hannunsa. Leburori daga wurin gini, ɗalibai 'yan Nijar masu doguwar riga fara, 'yan Sudan, wani lokaci har waɗanda ba wanda ya san yarensu. A babban tire ɗaya suke ci, Baba a tsakiyarsu.

Doka ɗaya ce a gidan, kuma har mu yara mun haddace ta: ba a tambayar baƙo sunansa, ko garinsu, ko abin da ya kawo shi. Na taɓa tambayar wani mai tsage a kumatu daga ina yake, ranar na sha harara har tuwon bai shiga ba. Baba ya ce tambaya kafin ci ciniki ne, kamar kana auna ko mutum ya kai a ba shi.

Kada ka ɗauka duk don Allah ne. Ina son mahaifina, Allah ya jiƙansa, amma akwai shi da son a ce ya yi. Muna da maƙwabci, wani tsohon Balarabe mai jan gemu wanda ya tashi cikin sahara da raƙuma. Shi ya taɓa gaya wa Baba cewa a tantin kakanninsa baƙo yakan yi kwana uku ana yi masa hidima kafin a tambaye shi ko shi wane ne. Baba ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, mu ma a ƙasarmu haka muka gada. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, don da na tambayi Kaka dariya kawai ta yi. Amma tun daga ranar kwana ukun nan ya zama dokar gidanmu, kuma gasa ta ƙullu tsakanin tsofaffin biyu. Maƙwabci yakan tsinto baƙo da kansa, ya kawo shi ƙofarmu ya ce, “Ga naka, mu gani.” Baba bai taɓa ba shi kunya ba.

Mutum ɗaya ne duk duniya tiren nan ya haramta gare shi, shi ne Baffa, ƙanen Baba, autan Kaka.

Baba ne ya kawo shi Riyad. Shi ya je gaban kafilinsa ya ce wannan ƙanena ne, na tsaya masa. Aka sa shi aiki a gonar attajirin da ke bayan gari. Baffa saurayi ne mai zafin kai, mai ba'a, wanda yake ɗaga ni sama har in taɓa fanka. Wata rana ɗan mai gonar ya gaya masa maganar da ba ta yi masa daɗi ba a gaban ma'aikata, sai kawai ya ɗauki jakarsa ya ɓace, ko Baba bai gaya wa ba. A ƙasar nan wanda ya gudu daga kafilinsa ya zama abin farauta, takardarsa ta mutu. Attajirin bai yi faɗa ba. Ya dai ce wa Baba ba komai, amma daga ranar ya daina kiransa cikin gida shan gahawa, a mota yake jiransa kamar kowane direba. Wannan shi ya ci Baba. Ya dawo gida ya tsaya a tsakar gida, ya rantse da Allah cewa shi da ƙanensa ba za su ƙara zama gida ɗaya ba, ko na wuni.

Umma ta yi magana, limamin unguwa ya yi magana. Aka ce masa rantsuwa irin wannan ai tana da kaffara, ka ciyar da mabuƙata ka warware ta. Mutumin da yake ciyar da rabin masallaci duk Juma'a, ya ce shi ba ya tofar da yawu ya dawo ya lashe. Kaka kuwa ba ta ce masa komai ba. Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta doguwar magana da shi, “mai gidan nan” take ce masa ko a bayan idonsa. Amma ni da nake kwana kusa da ita na san sunan da take kira in ta idar da salla.

Shekaru suka wuce haka. Sai wani lokacin sanyi, mai yi wa Umma kitso ta zo da labari a ƙarƙashin harshenta. Baffa ya gaji da ɓuya. Kame ya yi yawa, aikin da yake samu a ɓoye ya yanke, ya yanke shawarar miƙa kansa a mayar da shi gida. Kuma wanda aka mayar ta wannan hanya, ba lallai ya sake ganin ƙasar nan ba. Kaka ta tsufa, tafiya ta fi ƙarfinta. Kowa ya gane abin da hakan yake nufi ba tare da an faɗa ba: in bai shigo gidan nan a makon ba, uwa da ɗa sai a lahira.

Kaka ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce wa mai kitso, “Ki gaya masa ya zo Juma'a masallacinmu da jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya kusa da tsohon nan mai jan gemu. Kada ya gaida kowa, kada ya buɗe baki, ko an tsokane shi.” Sai ta juyo inda take jin numfashina ta ce, “Ke kuma ƙawata, in kika yi surutu zan sa a aske miki kai.”

Ranar Juma'ar ina riƙe da butar wanke hannu a bakin ɗakin baƙi. Na ji muryar maƙwabci yana cewa ga naka, mu gani. Har yau ban sani ba ko tsohon nan ya san wanda ya kamo. Baffa ya shigo ya rame, ya yi duhu, gemu ya cika masa fuska, amma ko ni na gane shi, balle wanda ya goya shi. Na ga hannun Baba ya tsaya a iska. Ɗakin cike yake da mutane, maƙwabci yana murmushi yana jira. In Baba ya ce fita, ya kori baƙo a gaban mutumin da ya shekara yana yi wa alfahari. In ya ce sannu da zuwa ƙanena, ya karya rantsuwa. Kaka daga ɗakinta, ba ido, ta ɗaure shi da igiyar da ya tufka da hannunsa.

Baba ya ce, “Maraba da baƙo. Bismilla.”

Ya karɓi butar daga hannuna, shi da kansa ya zuba masa ruwa. Suka ci a tire ɗaya, ina kallon Baba yana tura naman gabansa zuwa gaban baƙo kamar yadda yake yi wa kowa. Da mutane suka watse, baƙo bai tashi ba, Baba bai ce ya tashi ba. Ya san sarai cewa wanda ya ajiye marar takarda a gidansa shi ma yana iya shiga uku, amma ko gezau. Ya dubi bango ya ce, “A gidan nan akwai tsohuwa. Duk baƙon da zai kwana yakan shiga ya gaishe ta.” Ƙarya ce, ba namijin da ya taɓa wuce labulen nan. A take ya ƙirƙiro al'adar, kuma daga ranar na san Kaka ba ta fi Baba wayo ba.

Ni na ja shi zuwa ɗakin. Ya durƙusa, Kaka ta laluba fuskarsa da hannu biyu, ta bi goshi, ta bi kunne, ta tsaya a wani tabo da ke haɓarsa. Ta san Baba yana tsaye a bayan labule. Ta ce, “Sannu, baƙo. Ka rame, baƙo.” Ta daɗe tana maimaita kalmar nan ba ta saki fuskarsa ba.

Da abin ya tsaya haka, da ban zauna ina ba ka labari zuciyata tana tafasa ba. Kwana uku cif Baffa yake da su a hannu. Abin da ake nema daga gare shi kawai ya yi shiru. Amma Baba ma bai sauƙaƙa masa ba. Ya ba shi bargonsa, ya juya masa takalmi, ya riƙa ce masa malam, ya riƙa tambayarsa ko shayin ya yi masa, da ladabin da yake yanka fiye da zagi. Ina ganin jijiyar wuyan Baffa tana tashi duk lokacin da aka ce masa baƙo. Daga bakin Kaka kalmar tana da daɗi. Daga bakin yayansa kuwa mari ce.

Washegari bayan la'asar maƙwabta suka taru shan gahawa kamar kullum. Baba yana tsaye yana zubawa, don mai gida ba ya zama baƙo yana riƙe da kofi. Maƙwabci ya yaba masa, ya ce lallai ka cika. Nan kan Baba ya kumbura, ya kasa barin abin ya wuce. Ya ce, “Ai wannan baƙon ba shi da nauyi. Da ganinsa ɗan mutunci ne. Irinsu in ka tsaya musu ba sa barin ka da kunya.”

Baffa ya ajiye kofin bai sha ba. Ya faɗi sunansa, ya haɗa da na mahaifinsu.

Baba bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da zuba wa na kusa da shi, ya ce a hankali, “Ban tambaye ka ba.”

Yanzu da na girma na gane cewa hannu ya miƙa masa. Yana ce masa ne ban ji ba, koma ka zauna, muna da sauran lokaci. Amma Baffa ya riga ya hau. Ya miƙe tsaye, ya sake faɗin sunan da Larabci don maƙwabci ya ji, ya ce, “Ni ba baƙo ba ne a gidan nan, Yaya. Ka rantse ba zan shigo ba, ga ni na shigo, na ci, na kwana.”

Tsohon mai jan gemu ya sunkuyar da kai yana wasa da kofinsa. Baba ya gama zagayen gahawar har kan mutum na ƙarshe, ya ajiye butar, ya ɗauki mabuɗin mota da rigarsa ta sanyi. Baƙo ba a korarsa, rantsuwa kuma ba a taɓa ta. Saboda haka shi ya fita ya bar masa gidan.

A cikin mota ya zauna, a ƙofar gidansa, cikin sanyin da yake fasa leɓe. Umma ta fita ta roƙe shi, ta dawo tana share ido. Kaka da ta ji abin da ya faru ba ta yi kuka ba, haushi ne ya kama ta. Ta ce ita dai Allah ya ba ta 'ya'ya biyu, kowanne kansa ya fi ƙofa faɗi. Ta ja kunnen Baffa kamar yaro, sannan ta sa shi ya zauna kusa da ita, ba ta bar shi ya motsa ba sai don salla. Yanzu tana iya kiran sunansa a fili, ta kuwa kira shi har muryarta ta dishe.

Da safe aka ba ni shayi da burodi in kai wa Baba. Gilashin motar ya yi raɓa, sai da na ƙwanƙwasa. Ya sauke gilashin, idonsa ja, ya karɓa. Abin da ya fara tambayata shi ne, “Baƙo ya karya?” Na ce ya karya. Ya ce a ƙara masa bargo. Na koma ciki ina jin haushinsu su duka biyun, kuma har yau haushin bai gama sauka ba.

Da kwana ukun suka cika, Baba ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa kamar wani ɗan aike, ya ce a gaya wa baƙo mota tana jira. Shi da kansa ya kai shi wurin da ake miƙa kai. Baffa a baya ya zauna. Baba ya dawo shi kaɗai, ya ɗauki babban tiren ya wanke da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya shiga ɗaki. Kaka ba ta ga sanyi na biyu bayan wannan ba. Baba ya ci gaba da tara baƙin Juma'a har ƙarfinsa ya ƙare, bai ƙara ambaton ƙanensa ba, ƙanen bai ƙara nemansa ba. A nan Riyad aka binne Baba, a maƙabartar da ba a rubuta sunan kowa.

Yanzu a unguwar Shifa nake, a bene hawa na uku. Ƙofarmu tana da ido, kafin mutum ya taɓa ƙararrawa na ga fuskarsa a allo. Ko mai kawo saƙo sai ya faɗi sunansa da abin da ya kawo kafin in buɗe. Tiren Baba yana saman kabad, ya fi teburinmu faɗi. Ba na cewa zamaninsu ya fi namu, don na ga abin da alfaharinsu ya ci. Amma ban taɓa ciyar da wanda ban san sunansa ba, kuma wannan yana damuna.

Bayan maganar 'yata na yi ta kai-kawo a gida, ƙarshe na nemi lambar Baffa a wurin dangi. Yana Katsina, ya tsufa, gemun ya yi fari fat. Muka gaisa ta waya ina ganinsa yana ganina. Na tambaye shi abin da na daɗe ina son sani, ko sun yi magana a motar nan.

Ya ce har suka isa ba wanda ya ce uffan. Da Baba ya tsayar da mota, sai ya dube shi ta madubi ya ce, “Kwana uku sun cika. Baƙo, kai wane ne?”

Na ce, “Me ka ce masa, Baffa?”

Ya ce, “'Yata, na buɗe baki, sai na ji in na amsa kuka zan yi. Ni kuwa ban taɓa kuka a gaban Yaya ba. Sai na buɗe ƙofa na fita.”

Muna cikin haka 'yata ta shigo ta leƙo ta kafaɗata. Ba ta taɓa ganinsa ba. Da gurguwar Hausarta ta ce, “Umma, wane ne wannan?” Kafin in buɗe baki tsohon ya matso da fuskarsa har ta cika wayar, ya ce, “Ƙanen kakanki ne. Ƙanensa ne ni.” Ya sake faɗa, ya kuma sake faɗa, hawaye yana bin gemunsa. Yarinyar ta dube ni tana neman fassara.